Kofi Ba Shi Da Laifi: Dalilin Da Ya Sa Na Koma Jan Buta Sama Maimakon Danna Ta

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, ba kuma farashin tumatur a kasuwar Sasa ko na hatsi a Bodija ba. Maganar kofi ce, wanda wasu dattawanmu ke kira gahawa. Na san wani zai ce, kai malam, ana fama da tsadar rayuwa kai kana ta kofi? To a yi mini haƙuri a karanta, domin maganar ta shafi aljihu, ta shafi lafiya, ta kuma shafi sana'ar dubban 'yan uwanmu masu teburin shayi daga Sabo ta Ibadan har Agege da Obalende.

Ra'ayina shi ne, ɗacin nan da muke zargin kofi da shi, har muke zabga masa sukari da madara don a iya haɗiye shi, yawancinsa ba daga kofin yake ba. Daga hannun mai haɗawa yake. Akwai kuma wata 'yar dabara mai sauƙi, ta juya aikin butar kofi ƙasa ta koma sama, wadda na daɗe ina gwadawa, kuma ina ganin ta fi dacewa da irin zamanmu fiye da hanyar da aka rubuta a jikin kwali.

Abin da ke ba ni mamaki game da mu shi ne wannan. Kakanninmu da aka yanka wa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, goro da shanu ne suka zaunar da su. Har gobe in ka je Shagamu za ka ga waɗanda suka gaji wannan fatauci. Bahaushe ya san goro kamar yunwar cikinsa. Ya san fari, ya san ja, ya san daushe, ya san marsa da minu, ya san yadda ake jera shi cikin ganye a ɗaure huhu ya yi watanni bai lalace ba. Ka ba dattijo goro ya ɓantara sau ɗaya, zai gaya maka ko ya kwana biyu a ajiye ko sabon ɓara ne. To sinadarin da ke wartsake mai cin goro, wato kafeyin, shi ne dai a cikin kofi. Amma da an zo kan kofi sai duk wannan sanin ya gudu. Duk abin da aka zuba mana muka ga baƙi ne, shi ke nan, a ƙaro sukari.

Ba ina kushe kofin gwangwani ba ne. Yana da ranarsa, musamman ga direban da zai kama hanyar Ilori da asuba. Amma ya kamata mu san mene ne shi. Kofi ne da aka riga aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwan ya zama gari, shi ya sa yake narkewa nan take. Nescafe, wanda sunansa ya zama sunan kowane irin kofi a bakinmu, ya fara fitowa ne a ƙasar Suwizalan a 1938. Galibin irin wannan kofi ana yin sa ne da nau'in robusta, wanda ya fi ɗaci, kuma kafeyin ɗinsa ya kai kusan ninki biyu na nau'in arabika. Wanda bai taɓa shan wani kofi ba sai wannan, daidai yake da wanda bai taɓa cin tumatur ba sai na gwangwani.

Yanzu ga butar. Wasu na ce mata butar Faransa, ni kuwa butar dannawa nake ce mata. Doguwar kwalba ce ta gilashi ko ta ƙarfe mai hannu, da murfi, da wani siririn ƙarfe da ya ratsa tsakiyar murfin, a ƙarshensa kuma an ɗaura rariya zagayayya daidai faɗin cikin kwalbar. Kamfanin Bodum na ƙasar Denmak ya yi suna wajen ƙera ta, amma akwai masu araha birjik a manyan shaguna, kuma a wajen 'yan gwanjo ma akan ci karo da ita an ajiye ba a san aikinta ba. Tarihinta ma abin dariya ne. Wasu Faransawa biyu, Mayer da Delforge, sun yi rajistar wani samfuri nata tun 1852, amma irin wadda muke gani yau Attilio Calimani, mutumin Italiya, ne ya gyara ta a 1929, sannan Faliero Bondanini a 1958. Italiya ta yi wahala, Faransa ta tafi da suna.

Hanyar da kowa ya sani ita ce, ka zuba garin kofi a gindin buta, ka zuba ruwan zafi, ka jira minti 4, sannan ka danna rariyar a hankali ta tura dusar ƙasa, ka tsiyaya ka sha. Ba ta buƙatar wutar lantarki, wanda a ƙasar nan ba ƙaramin abin yabo ba ne. Kuma in mutum ɗaya ne ko biyu za su tsiyaye duka a take, babu abin da zan ce da ita.

Matsalar ita ce mu ba haka muke sha ba. Bature ya haɗa kofinsa, ya shanye a tsaye, ya ɗauki jaka ya fita. Mu kuwa abin sha na majalisa ne. An shimfiɗa tabarma bayan Isha'i, an ajiye buta a tsakiya, wannan ya zo ya yi sallama a zuba masa, a yi hirar gida, a yi ta kuɗin mota zuwa Kano, can bayan rabin awa wani ya iso shi ma a zuba masa. Duk tsawon wannan lokaci dusar tana nan kwance a gindin butar cikin ruwa. Rariya ta tsare ta dai kada ta taso, amma ba ta raba ta da ruwan ba. Kuma duk sanda aka karkata butar za a zuba wa wani, ruwan ƙasa ya ratsa dusar ya dawo sama, aka ajiye ya sake komawa. Shi ya sa kofin farko yake daɗi, na uku ya fara kama harshe, na ƙarshe kuwa sai ka ce jiƙon maɗaci, ga laka a gindin kofi. Baƙon da ya zo a makare shi ke kwasar wannan, shi ne kuma zai tafi yana cewa kofi ba abin sha ba ne.

Dabarar juyawa ta zo ne daidai nan. Maimakon gari ya fara shiga, rariya ce ke fara shiga. Ka tura ta har gindin butar tun babu komai a ciki. Ka ja murfin sama zuwa ƙarshen ƙarfen ka karkatar da shi gefe, ko kuma in irin mai kwancewa ne ka cire shi gaba ɗaya ka mayar da ɗan ƙullin da ake riƙewa. Sai ka zuba garin kofi a KAN rariyar, ka zuba ruwan zafi, ka ɗan motsa da cokali domin duk garin ya jiƙe. Bayan minti 4 sai ka dafe butar da hannu ɗaya, ka kama ƙarfen da ɗayan, ka ja sama sannu a hankali. Rariyar za ta taso da dusar gaba ɗaya kamar yadda mai ƙosai ke kwashe ƙosai daga cikin mai, ruwan kofin kuma ya tsiyaye ya zauna a ƙasa. In ta iso baki ka ɗan dakata ta gama ɗiga, sannan ka ɗauke ta ka ɗora a faranti. Abin da ya rage a butar kofi ne zalla, babu abin da zai ci gaba da jiƙa a cikinsa.

Ba ni na ƙirƙiro ta ba, masu sha'awar kofi a ƙasashen waje sun daɗe suna yi. Abin da na yi kawai shi ne na samu buta biyu iri ɗaya, gari ɗaya, ruwa ɗaya, na danna ɗaya na ja ɗaya, kuma na maimaita haka sau da dama da waɗanda muke zama tare ba tare da na gaya musu wacce ce wacce ba. A zubin farko, gaskiya bambancin kaɗan ne, wani ma ba ya gane shi. Wadda aka danna ta ɗan fi kauri a baki, wadda aka ja ta fi tsabta. Amma in aka bar su suka yi minti 20 zuwa 30 ana ɗiba jefi-jefi, to nan ne ake rabuwa. Wadda aka ja tana hucewa ne kawai, ɗanɗanonta na nan. Wadda aka danna kuwa ta zama wani abu dabam. Akwai dattijo guda a cikinmu da ba ya shan komai sai da ƙwayar sukari huɗu, shi da kansa ya koma biyu a kan wadda aka ja, ba wanda ya yi masa wa'azi.

Akwai dalili na biyu da ya sa take fitowa da tsabta. Lokacin da kake ja, duk ruwan dole ya bi ta cikin dusar da ta taru a kan rariya kafin ya sauka. Dusar da kanta ta zama matata, tana kama wani kaso na lallausan garin da rariyar ƙarfe ba ta iya tsarewa. Matan da ke tace gasara sun san wannan, in dusa ta taru a kan mataci ruwan da ke sauka ya fi fitowa garau.

To amma bari in faɗi abin da masu ja da ni za su ce, domin suna da hujja. Na farko zai ce, me ya kawo wannan wahala, ka danna kawai ka juye duka a fulas mana. Gaskiya ne, wannan ma yana magance rabin matsalar, kuma fulas ya fi riƙe zafi. Wanda ke da fulas na musamman don kofi, ya yi hakan. Sai dai a yawancin gidajenmu fulas ɗaya ne, shi ne na ruwan zafin jariri, shi ne na shayin mai gida, shi ne na kunu in azumi ya zo, kuma ƙamshin kofi in ya kama fulas ba ya saki da wuri. Je ka tambayi uwargida ka ji. Ban da haka, juyewa a fulas ba ya hana lakar bin ruwa, tana tafiya tare da shi.

Na biyu ya fi ƙarfi. Akwai wani Baturen Ingila, James Hoffmann, wanda ya ci gasar masu haɗa kofi ta duniya a 2007. Shi hanyarsa ita ce a bar kofin minti 4, a fasa abin da ya taso sama a kwashe kumfa, a sake barin sa minti 5 ko fiye har komai ya kwanta, sannan a tsiyaya a hankali ba tare da an danna rariyar ƙasa ba. Kofinsa kan yi kusan minti 10 tare da dusa, kuma ba ya ɗaci. Wannan ya nuna cewa daɗewa kaɗai ba ita ce matsala ba, tunda ruwa na hucewa jiƙon na raguwa. Na gwada, kuma na yarda tana fitar da kofi mai kyau ƙwarai. Amma sirrinta shi ne kada a girgiza butar, a tsiyaye sau ɗaya a gama. A majalisar da buta ke yawo daga hannu zuwa hannu, yaro ya ɗauka ya kai wa baƙo ya dawo da ita, ina za a samu wannan natsuwar? Hanyarsa ta mai zaman kaɗaici ce. Tamu ta taro ce.

Sai maganar ruwa, wadda Bature ba zai taɓa kawo ta a lissafi ba. Wanda ke zaune a gidan haya mai famfo ɗaya, ko yake sayen jarka a wajen mai ruwa, ya san darajar kowane moɗa. Butar da aka danna, dusar na manne a gindi, sai ka zuba ruwa ka girgiza ka zubar, ka sake, ka sake, dusar kuma ta bi lambatu ta taru, gobe a yi rigima da maƙwabta a kan wa ya toshe hanyar ruwa. Wadda aka ja kuwa dusar na fitowa dunƙule a kan rariya, ka karkaɗe ta a kwandon shara ko gindin shuka, ka ɗauraye da ruwa kaɗan. Wanda ya zauna gida ɗaya da mutanen da ba yarensu ɗaya ba ya san cewa irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke haddasa babbar magana.

Awo ba wuya. Abin da aka saba shi ne giram 60 na kofi ga lita ɗaya ta ruwa. Ledar fiya-wata rabin lita ce, saboda haka leda ɗaya na son giram 30, wato kamar babban cokali 6 a shafe, ba a tsiri ba. Ruwan kada ya zama yana tafasa fafal-fafal. Ana son digiri 92 zuwa 96, kuma ba sai ka sayi ma'auni ba, in ya tafasa ka sauke ka ba shi kamar rabin minti zuwa minti ɗaya.

Niƙa ita ce inda dabarar ke tsayuwa ko ta faɗi. Garin ya zama mai tsakuwa-tsakuwa, kamar ƙananan tsaki ko garin kwaki mai ɗan girma. In ya yi laushi kamar fulawa zai toshe rariya, ja ya yi tauri, ga laka. Wanda ya sayi 'ya'yan kofi gasassu kada ya kuskura ya kai injin niƙa na unguwa, in ba haka ba zai sha kofi mai ƙamshin tattasai da daddawa. Ƙaramin turmi da ba a taɓa daka yaji a ciki ba ya isa. Ka daka sama-sama, ka tankaɗe da rariyar gari, lallausan ka ajiye shi gefe don dafa gahawa da citta irin ta mutanen Sudan, mai tsakuwar kuma shi ne na buta. Ka daka na kwana biyu ko uku kawai, domin ƙamshin kofi na gudu da zarar an fasa ƙwayar.

Wajen ja kuma a yi hattara, ruwan zafi ba wasa ba ne. Yawancin butocin gilashi zaune kawai suke cikin gidansu na ƙarfe ko roba, in ka fizga da ƙarfi kwalbar na iya biyo hannunka. A ajiye buta a ƙasa ko kan tebur mai ƙarfi, a dafe bakinta da tsumma, a ɗauki kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 ana ja. In ka ji ta cije, dakata kaɗan ruwan ya sauka, kada ka yi kokawa da ita. Kada kuma a cika butar fal, a bar kamar faɗin yatsa biyu, domin a daidai wajen ɗan bakin tsiyayawa akwai giɓi, kuma ta nan dusa ke samun hanyar komawa ciki. Wannan shi ne raunin dabarar, kuma in rariyar ta tsufa gefenta ya lanƙwashe, to ba za ta yi ba sam.

Wani abin da juyawa ba ta magancewa shi ne maiƙon kofi. A cikin kofi akwai wani sinadari mai suna kafestol da ke ƙara yawan kolastarol a jini. Tun 1983 wani bincike a garin Tromso na ƙasar Nowe ya nuna alaƙa tsakanin yawan shan kofi da hauhawar kolastarol, daga baya aka gano cewa kofin da ba a tace da takarda ba shi ne mai wannan aiki. Rariyar ƙarfe ba ta tsare shi, ko ka danna ko ka ja. Wanda likita ya ce masa kolastarol ɗinsa ya hau, ya sake tace kofinsa da takardar tace kofi, ko ya rage. Shi kuma kafeyin, hukumomin lafiya na Turai da Amurka sun ce miligiram 400 a yini shi ne iyakar da ba ta da matsala ga babba mai lafiya, wato kofi uku zuwa huɗu, mai juna biyu kuma hukumar ta Turai ta ce rabin haka. Mai cin goro ya tuna cewa goron ma yana cikin lissafi.

Kada a rikita wannan da wata na'ura mai suna AeroPress, wadda Ba'amurke Alan Adler ya fitar a 2005. Ita ma ana yi mata wata juyawa, a kifa ta a jiƙa kofin sannan a birkice ta a kan kofi a matse, har gasar duniya ake yi a kanta tun 2008 da aka fara a Oslo. Tana amfani da takarda, don haka ta fi sauƙi ga mai kolastarol. Amma kofi ɗaya take yi a lokaci guda. A gidan da baƙi shida ke iya faɗowa ba sanarwa, wannan ba kayan aiki ba ne.

Abin da ya sa na damu da duk wannan shi ne sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Ka tsaya a teburin mai shayi da safe ka ƙirga abin da ke shiga kofi ɗaya, ga sukari ga madara, wani har da Milo a kai, sannan ga burodi. Mutum ya kusa cinye rabonsa na yini kafin ya buɗe shago. Kowa a cikinmu ya san wani da aka sa a mota aka mayar gida saboda ciwon sukari ya ci ƙarfinsa. Ba na cewa kofi ne ya jawo, amma duk abin da zai sa mutum ya rage cokali biyu a kullum ba tare da ya ji an tauye shi ba, abin a duba ne.

Ga masu shayi kuwa, ina ganin akwai kasuwa a nan da ba a taɓa ba. Tun bayan cire tallafin mai da sakin Naira a 2023 kowa ya ga yadda kayan gwangwani suka tashi, kuma a farkon 2025 farashin arabika a kasuwar duniya ya haura Dala 4 a kan laba ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Alhali muna da kofi a ƙasar nan. A tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, wajen Gembu, ana noman arabika saboda tudu da sanyin wurin, a jihohi irin su Kogi da Ondo kuma akwai robusta. Cibiyar binciken koko da ke Idi-Ayunre, nan bayan garin Ibadan, aikinta ya haɗa da goro da kofi da ganyen shayi, kuma tana da reshe a Kusuku can Mambila. Mutanen da suka iya ɗauko goro daga kurmi su kai Sakkwato da Maiduguri, suka iya sauko da albasa da shanu daga Arewa zuwa Legas, buhun kofi daga Gembu ba zai gagare su ba. Buta mai lita ɗaya na ba da kofi huɗu manya ko ƙanana takwas, kuma in an ja dusar an fitar, mai shayi na iya dasa butar cikin ruwan ɗumi a gefen tukunyarsa yana zuba wa masu zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ke da butar a gida tana shan ƙura, ya wanke ta ya duba gefen rariyar ko yana nan daidai, ya fara da rabin lita kafin ya cika ta.